Yadda ake fitar da irin tattasai mai jure cutar ruɓewar ɗa a gidan leda

Duk wanda ya taɓa noman tattasai a gidan leda ya san wannan takaicin, shuka ta yi kyau, ta zuba 'ya'ya, saura kwana kaɗan a fara tsinka sai kaga wani tabo ya lotsa a jikin ɗan, kafin kace me ya zama rami. Ko kuma waje lafiya lau, sai an yanka a tarar da funfuna ta cika cikin. Feshi yana taimakawa, amma iri mai juriya shi ne ke rage wahalar daga tushe. Na yi wannan aikin zagaye da yawa, kuma tun yanzu bari in gaya maka, haɗa auren fure ba shi ne wahalar ba, wannan a sati ɗaya hannunka zai faɗa. Inda ake faɗuwa shi ne wajen gwaji. In gwajinka ba na gaskiya ba ne to shekara huɗu zaka yi kana renon shukar da sa'a kawai ta yi cuta bata taɓa ta ba.

Kayan da zaka tanada

Na auren fure: hantsaki mai siririn baki, sifirit mai ƙarfin kashi 70, zare kala-kala, ƙananan takardun lamba, fensir (banda biro, rana da raɓa na goge shi), ambulan na ajiye iri, da ɗan yadi mai ƙananan ramuka ko auduga na rufe fure.

Na gwaji: faifan gilashi masu murfi, garin agar (wanda ke daskarar da abincin renon fangas), gulukos, dankalin turawa, tukunyar firesha, ruwan bilic, sirinji mai ƙaramar allura, robobi masu murfi, tishu, rula, takunkumi da safar hannu. In kana da hanyar shiga wani ɗakin gwaji mai makuroskof da gilashin ƙirga ƙwayoyi to ka huta, in babu akwai dabara, zan zo kanta.

Sai littafi. Babban littafi mai bango mai tauri, ba waya kaɗai ba.

1. Fara sanin wace cuta kake yaƙa

Ba duk ruɓewa ce fangas, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, ke kawowa ba. Baƙin tabon da ke fitowa a ƙasan ɗan, wajen da fure ya faɗi, busasshe kamar fata, wannan matsalar kalsiyam ce da ban ruwa mara tsari. Farin tabo kamar takarda a gefen da rana ke duka kuwa ƙunar rana ce. Waɗannan biyun sun yaudari mutane da yawa.

Na fangas da aka fi gani guda uku ne. Akwai antiraknos, wadda fangas ɗin Colletotrichum ke kawowa, tabo ne zagayayye mai lotsawa, da zobba-zobba a ciki, in da laima sai kaga wani maiƙo ruwan lemo ko ruwan hoda a tsakiya. Akwai Botrytis, mai toka-tokan gashi, ta fi son wuri mai sanyi da laima. Sai ruɓewar ciki ta Fusarium, musamman Fusarium lactis, wadda ta dami masu gidajen gilashi a Kanada da Holan da Beljiyam, ita ta fure take shiga, ta bi ta cikin macen furen ta sauka inda iri yake, shi yasa ba'a ganinta sai an yanka.

Zaɓi ɗaya. Kar kace duka zaka kama lokaci guda, kowacce da irin gadon da ke tare ta. Ni a nan antiraknos zan bi, don ita ce aka san iyayen da ke jure mata sosai, a ƙarshe zan faɗi inda aikin Fusarium ya bambanta.

2. Nemo iyaye

Uwa ita ce tattasanka mai kyau, mai kaurin nama da girma da kalar da kake so, wanda dai laifinsa kawai cuta na cinsa. In da hali ya zama tsayayyen iri, wanda in ka shuka yake maimaita kansa. In iri mai lambar F1, wato zuriyar farko ta auren iri biyu, ka ɗauka zai yi, amma ka sani shi kansa a gauraye yake, zuriyar zata fi watsewa.

Uba shi ne mai juriya. Tattasai sunansa na kimiyya Capsicum annuum, kuma a cikin danginsa na kusa juriyar antiraknos mai ƙarfi ta yi ƙaranci, sai an leƙa wajen 'yan uwa. Waɗanda aka fi sani su ne PBC932, wanda Capsicum chinense ne, wato dangin attarugu, da PBC80 da PBC81 waɗanda Capsicum baccatum ne. Cibiyar kayan lambu ta duniya da ke Taiwan, wadda aka kafa a 1971, ita ta yi fice da su, kuma masu bincike na iya neman iri a wajenta, akwai cike takardu da shaidar lafiyar iri kafin ya tsallaka iyaka.

Shawarata ga sabon shiga, bar baccatum. Aurensa da tattasai baya kamawa ta hanyar da aka saba, ɗan tayin irin mutuwa yake tun bai nuna ba, sai an ciro shi an rena a kwalba a ɗakin gwaji. Dangin attarugu shi yana kamawa. Mafi sauƙi ma shi ne ka samu layin annuum, wato tsayayyen irin tattasai, da wasu suka riga suka shigar masa da juriyar PBC932, ka rage wa kanka shekara biyu.

In duk wannan bai samu ba, tara duk irin tattasai da barkono da attarugu da hannunka ya kai, ka bi da su ta gwajin da ke mataki na 5, wanda ya fi tsayawa shi ne uba. Ba lallai ya kai waɗancan ba, amma da babu gara ba daɗi.

Ka ajiye kuma wani iri da ka tabbatar cuta na cinye shi, shi ne ma'auninka har ƙarshen aiki.

3. Auren fure

Shuka iyayen, amma ka riga da uban da sati biyu zuwa uku, dangin attarugu suna da nawa wajen tsiro da fure. Furen tattasai mace da namiji duk a ciki suke, shi yasa yake yi wa kansa barbara, aikinka shi ne ka riga shi.

Da yamma ka duba jikin uwa ka nemo furen da bai buɗe ba amma ya kumbura ya yi fari, wanda kasan gobe da safe zai buɗe. Goge hantsaki da sifirit, ɓare farin ganyen furen a hankali, zaka ga 'yan sanduna biyar ko shida masu kai shuɗi-shuɗi sun kewaye guda ɗaya a tsakiya. Na kewayen su ne maza, cire su duka. Ta tsakiyar ita ce mace, kar ka taɓa ta, in ta karye ko ta ƙuje to tsinke furen ka nemi wani. In kuma kaga mazan sun riga sun fashe da farin gari, ka makara, shi ma tsinke shi. Rufe da auduga ko yadi.

Washe gari da safe, bayan raɓa ta ɗauke, ɗauko furen uba da ya buɗe a ranar, karkaɗe garin a kan farce ko bakin hantsaki, ka ɗan dangwala a kan macen. Mayar da rufin na kwana biyu zuwa uku. Ɗaura zare da lamba a wuyan furen, rubuta uwa, uba, kwanan wata, sunan uwa ake fara rubutawa koyaushe.

Tattasai ya zama uwa, attarugu uba. In aka juya, wasu haɗin suna ba da shuka tsumburarra mai murɗaɗɗen ganye kamar mai ciwon bairos.

Abubuwan da ke sa fure zubewa: zafin da ya haura digiri 32 da rana, ko dare mai zafi, ko uwa na ɗauke da 'ya'ya da yawa. Don haka tsinke sauran furanni da 'ya'yan da ke reshen, buɗe iska, sa inuwa. Yi aure 20 zuwa 30, kar ka yi biyar ka zauna jira. Kuma in kana sa ƙudan zuma a gidan ledar don barbara, to ɓangaren kiwon iri a raba shi da raga, in ba haka ba su zasu zaɓa maka uba.

Kamar wata biyu bayan aure ɗan zai nuna sosai. Bar shi ya gama canza kala, cire irin, shanya a inuwa kamar sati ɗaya, zuba a ambulan da lambarsa. Wannan shi ne F1, wato 'ya'ya.

4. Daga 'ya'ya zuwa jikoki

F1 basa buƙatar yawa, shuka 10 sun isa tunda kusan duk kamarsu ɗaya. Kar ka tsorata da abin da zaka gani, ɗan ƙarami ne, kuma da yaji. Yajin yana da rinjaye a gado, ƙwayar gadon da ake kira Pun1 ce ke kunna shi, kwafi ɗaya daga uba ya isa. Zai fita daga baya.

Gwada 'ya'yan F1 ɗin da cutar, don wannan ne zai gaya maka irin hanyar da ke gabanka. In sun jure kamar uba, juriyar mai rinjaye ce, aiki ya zo da sauƙi. In sun ruɓe kamar uwa, juriyar mai ɓuya ce, sai shuka ta samu kwafi biyu take bayyana. A PBC932 an ga duka biyun, ya danganta da wane jinsin Colletotrichum ne da kuma ko ɗan kore ne ko nunanne, shi yasa nake cewa gwada da naka fangas ɗin, kar ka dogara da abin da wani ya samu a wata ƙasa.

Rufe furannin F1 su barbari kansu, irin da ya fito shi ne F2, jikoki. A nan ne kowa ke fitowa da kamarsa. Ga lissafin da ya kamata ka riƙe: hali ɗaya mai ɓuya yana fitowa a shuka 1 cikin 4. Biyu tare, misali juriya da rashin yaji, 1 cikin 16. Uku, in ka haɗa da juriyar nunanne daban da ta kore, 1 cikin 64. To kaga wanda ya shuka jikoki 20 wasa yake. 200 ne mafi ƙaranci da zan ce, a tukwane, kowacce da lambarta, kuma a rubuce a littafi layi da gurbi. Na taɓa rasa rabin zagaye guda saboda wanda ke taya ni ban ruwa ya jera tukwane yadda suka fi masa kyau a ido, lambobin kuma rana ta cinye. Tun daga nan lamba biyu nake sawa, ɗaya a jiki ɗaya binne a ƙasar tukunya.

5. Gwaji, inda aikin yake

Gidan leda wuri ne da cuta ke zuwa yadda ta ga dama, wannan kusurwa ta kama, waccan bata kama ba. Shukar da ke bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa zata fito tas, kai kuma ka ɗauka jaruma ce. Don haka ba jiran cuta ake ba, kai ne zaka kai mata, kowa daidai wa daida.

Fara da renon fangas ɗin. Dafa dankali giram 200 a ruwa lita 1, tace, zuba gulukos giram 20 da agar giram 15 zuwa 20, cika ruwan ya koma lita, dafa a tukunyar firesha minti 20, zuba a faifai ya daskare. Ɗauko tattasai mai tabo daga gidan ledarka, yanko ɗan ƙaramin yanki daga bakin tabon inda lafiya da ciwo suka haɗu, ba tsakiya ba, tsakiyar cike take da wasu ƙwayoyin da suka zo cin gawa. Tsoma a bilic mai ƙarfin kashi 1 na minti ɗaya zuwa biyu, ɗauraye da dafaffen ruwa, ɗora a faifai. Bayan kwana uku zuwa huɗu ka ɗebo daga gefen abin da ya tsiro ka mayar sabon faifai, maimaita har ya zama abu ɗaya ne ke tsirowa. A kwana 7 zuwa 10 zai yi ƙwayoyi, wato ƙananan irin da fangas ke yaɗuwa da su. Zuba dafaffen ruwa da ya huce, kankare a hankali, tace da yadi. Ƙarfin da aka saba amfani da shi shi ne ƙwaya 500,000 a mililita ɗaya.

In babu ɗakin gwaji: sa ɗa mai tabo a roba mai laima kwana biyu har maiƙon nan ruwan lemo ya fito, kwashe shi da tsinke mai tsabta ka dama a ruwa. Bai kai na faifai tsabta ba, kuma baka san ƙarfinsa ba, to dokar ita ce haɗi ɗaya, rana ɗaya, ga kowa. Kuma a yi amfani da shi a ranar.

Yanzu tsinko 'ya'ya daga kowace shuka, aƙalla uku kore da suka gama girma, uku nunannu. Kar ka tsallake wannan, akwai shukar da korenta ke jurewa amma da ta nuna sai ta narke, akwai kuma akasin haka. Wanke su da bilic mai rauni, ɗauraye, bari su bushe, rubuta lamba a jiki da alƙalamin maka. Soka allura zurfin kamar milimita 1, a naɗe allurar da salatif don kar ta wuce haka, ka ɗiga ɗigo ɗaya ƙarami. Masu kayan aiki maikurolita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, suke sawa, kai dai ɗigon ya zama iri ɗaya ga kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne huda har cikin ramin ɗan, wannan ko uban ma sai ya ruɓe.

Jera a roba a kan jiƙaƙƙen tishu, amma ɗan kar ya kwanta cikin ruwa, rufe, ajiye a digiri 25 zuwa 28. A kowace roba, ko dai a kowane zagaye, dole a samu abu uku: ɗan uba mai juriya, ɗan irin nan mai saurin kamuwa, da wanda aka soka da ruwa zalla. Ran kwana 7 ka buɗe. Fara duba mai saurin kamuwar, in bai ruɓe ba to gwajin ya mutu, zubar da komai ka sake, kar ka rubuta ko lamba ɗaya. In na ruwa zalla ya ruɓe, tsabtarka ce da matsala, shi ma a sake. In duka sun yi daidai sai ka ɗau rula ka auna faɗin kowane tabo da milimita ka rubuta. Aunawa, ba kallo da ido ace wannan da dama-dama ba. Waɗanda tabonsu ya tsaya kusa da na uba su ne naka.

Wanda ya ci, a sake gwada shi da sabbin 'ya'ya bayan sati biyu. Da yawa a zagaye na biyu asirinsu ke tonuwa.

Gargaɗi biyu. Kar ka taɓa ɗibar iri daga ɗan da ka sa wa cuta, wannan fangas yana bin iri, bar wasu 'ya'yan a jikin shukar don iri, waɗanda ka rufe furensu. Na biyu, gwajin nan a wani ɗaki daban ake yi nesa da inda kake noma, in an gama a dafa sharar a tukunyar firesha ko a ƙone, a wanke robobi da bilic.

6. Komawa wajen uwa

Jikan da ya ci gwaji zai zama ɗan ƙarami mai siririn nama, ba abin kaiwa kasuwa ba. Sai a mayar da shi a aura da uwar asali. Komawa ta farko zuriyar ta zama kashi 75 na uwa a matsakaici, ta biyu 87.5, ta uku 93.75. Girman ɗa da kaurin nama ƙwayoyin gado da yawa ne ke riƙe da su, shi yasa ƙasa da komawa uku da wuya kaga tattasai na gaske in uban attarugu ne.

In juriyar mai rinjaye ce, kowace komawa ka gwada, rabi zasu jure, ka zaɓi mafi kama da uwa a cikinsu ka ci gaba. In mai ɓuya ce sai haƙuri, bayan kowace komawa sai ka bar zuriyar ta barbari kanta, ka gwada, ka ciro 1 cikin 4 ɗin, sannan ka sake komawa. Lokaci ya ninka kenan. In kana da hanyar gwajin alamar gado a ganye, wato gwajin da ke nuna shukar da ke ɗauke da ƙwayar gadon juriyar, ana iya tsallake wannan, amma ko da ita kar ka daina gwajin ɗa.

Yaji kuma a farar jijiyar da iri ke manne yake, nan zaka ɗanɗana. Ka fara da waɗanda suka ci gwajin cuta kawai, don bayan guda biyar masu yaji harshe ya daina bambancewa. Wanda ya fito babu yaji, zuriyarsa da uwa ba zata sake yi ba.

Abin da zai dinga jan ka shi ne kyau. Zaka ga shuka mai manyan 'ya'ya, tabonta kuma ya ɗan fi na uba, zuciya tace ai ba laifi. In ka yi wannan sassaucin sau uku a jere ka dawo inda ka fara.

7. Tsayar da iri

Bayan komawa ta ƙarshe, bar su suna barbarar kansu, shuka ɗaya layi ɗaya, zuriya huɗu zuwa biyar, kana gwadawa kana zubar da layin da ke rarrabuwa. Zagaye ɗaya daga iri zuwa iri wata biyar zuwa shida ne, a gidan leda ana samun biyu a shekara, to ka lissafa, shekara huɗu zuwa shida ne gaba ɗaya. A ƙarshe ka gwada da fangas da aka ɗebo daga wurare daban-daban, don layin da ya jure Colletotrichum truncatum ba lallai ya jure ɗan uwansa Colletotrichum scovillei ba. Sannan ka shuka layukan a gidan noma na gaske kusa da uwar, a gurbi uku ko huɗu a warwatse, ka auna nauyin abin da suka bayar.

Irin kowane zagaye ka raba biyu, rabi a shuka, rabi a busar sosai a sa a kwalba mai murfi a firji. In farin ƙuda ko bairos ya share maka gida, daga nan zaka tashi.

In Fusarium ce matsalarka

Matakan aure da komawa duk ɗaya ne, gwajin ne ya bambanta. Soka ɗa da allura ba zai gaya maka komai ba tunda ba ta nan take shiga ba. Furen da ya buɗe a ranar ake fesa wa ruwan ƙwayoyin, a ɗaura zare, a jira ɗan ya nuna, a yanka a duba ciki, a ƙirga nawa suka kamu cikin nawa. Tunda a jikin shuka ake yi, dole ɗakin ya zama killatacce, babu ƙudan zuma, kuma da takunkumi a fuska. Bambancin da ke tsakanin iri a nan na wane ya fi wane ne, ba wai wannan baya kamuwa sam ba, don haka fure 20 ko fiye ake fesawa a kowane layi, a maimaita a lokuta daban na shekara, kuma kowane zagaye a rubuta laimar ɗakin da zafinsa a gefen sakamakon, don in laima ta yi yawa alƙaluman sukan tashi gaba ɗaya har na layin da kake ganin ya fi.